Ciyawar Roba ta Gidan Maame Dufie

Hambog, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga kawuna, Wofa Kwarteng,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya ƙafar? Yaya kunnen? Da kunnen nan naka ya yarda da waya, da ban zauna ina aron biro a ɗakin hutun ma'aikata ba. Amma ka tuna kiranmu na ƙarshe, ni ina ta ihu a tashar jirgin ƙasa, kai kana ta tambayar wa ke magana, har wani Bajamushe ya matso ya tambaye ni ko sata aka yi min. To mu koma takarda, tun da ita ka saba da ita tun kana akawu a kamfanin katako. Ni lafiya ƙalau, sai sanyi, sai ciwon baya na ɗaga tsofaffi.

Albishirinka, takarduna sun fito. An ba ni hutun sati uku, zan zo cikar shekarar rasuwar Maame ranar Asabar ta ƙarshen Mayu. Ban ga fuskarta ba, ban jefa ƙasa a kabarinta ba. Ranar da kuka binne ta ina nan gidan kula da tsofaffi, ina ba wata tsohuwa da ba ta san sunana ba abinci a baki. Wannan karon sai dai in jirgi ya ƙi tashi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Labari ya iso ni cewa Nana Oduro, da yake shi ne shugaban dangi, ya ce ba za a yi taron a gidan Maame a Kumasi ba, sai a tsohon gidan dangi a ƙauye, wai tsakar gidan tana warin fitsarin kare. Wofa, da gaske ne? Shekara tara na yi ina gina mata gidan nan, ɗaki bayan ɗaki, na shimfiɗa mata ciyawar roba a tsakar gida don kada ta sake taka taɓo. In aka ɗauke taron, ka san bakin matan danginmu. Cewa za su yi Abrafi ta tafi Turai ta gina wa uwarta ɗakin karnuka.

Kai ƙaninta ne, kai na ba riƙon gidan, don haka kai zan dama. Kashin karnukanta, Suronipa da Bronya, a kwashe shi safe da yamma, kada a bari rana ta same shi. Duk inda suka yi fitsari a bi shi da tiyo, ruwa sosai, ba yayyafi ba. Shekara uku Maame ta riƙe ciyawar nan da karnukan nan biyu, ba wanda ya taɓa toshe hanci.

Ka rubuto min da wuri, ka faɗa min ainihin abin da Nana ya ce, ba wanda ka gyara ba.

'Yarka,
Abrafi

Kumasi, 27 ga Fabrairu

'Yata Abrafi,

Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu, na farko da tabarau, na biyu da haushi. Mun gode Allah da takardunki suka fito. Ƙafa da sauƙi. Kunne kuwa yana nan yadda kika san shi, yana jin abin da ya ga dama.

Tun da kin ce ba gyara, ga shi yadda yake. Nana Oduro ya zo ran Lahadi bayan coci, rana tsaka, lokacin da roban nan ke tafasa. Na ajiye masa kujera a gindin katanga. Bai zauna ba. Ya ja gefen mayafinsa ya rufe hanci, ya dubi tsakar gidan tun daga ƙofa har bayan kicin, sai ya ce, "Kwarteng, a nan zan tsaya in kira sunan magabata? A kan tabarmar karnuka?" Ya ce abu biyu ne. Na farko wari, ba zai tara surukai da baƙi su zauna a ciki ba. Na biyu, barasar da ake zuba wa magabata ƙasa ake zuba wa, shi bai taɓa jin kakan da ya sha ta roba ba. Na roƙe shi, ya ce zai dawo ranar goma ga Mayu ya sake dubawa, daga nan magana ta ƙare.

Yanzu batun aiki. Kada ki ɗauka zaune nake. Tun asuba nake kan ciyawar nan da tsintsiyar kwakwa, yadda uwarmu ta koya mana share tsakar gida har sai ta yi fes. Abin da zai ba ki mamaki, wanda ya shimfiɗa miki abin nan ya cuce ki, cike yake da yashi. Kullum na share sai yashi ya fito, kamar ana ƙarawa. Na dage, na kwashe bokiti goma sha ɗaya, na ba maginin da ke aiki a bayanmu, har ya yi min godiya. Yanzu tas take. Sai dai ta kwanta, kamar gashin kan wanda ruwa ya doka, ban san dalili ba.

Kashi kuma ina barbaɗa masa toka kafin in kwashe, yadda ake yi a ko'ina. Tiyo da kike ta faɗa, ki tuna famfon unguwar nan Talata da Juma'a kawai yake tunawa da mu. Abin da ke tanki in yi wanka da shi, ko in wanke bayan kare?

Bronya tana nan da rawar kanta, ta cinye min silifa ɗaya. Suronipa ne ya tsufa. Tun rasuwar yayata ba ya kwana ko'ina sai wani lungu a bayan kicin, yana ta tonon gefen ciyawar da farce. Na kore shi, na dawo na same shi. Maƙwabciyarku Anti Konadu ta leƙo ta katanga ta ce in bar dabba da abin da ta sani, na ce ita ma ta bar ni da abin da na sani.

Wofanki,
Kwarteng

Hambog, 14 ga Maris

Wofa,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafa ta ƙara sauƙi. Ni lafiya, in ban da abin da takardarka ta yi min. A cikin jirgin ƙasa na buɗe ta, da na kai wajen bokiti goma sha ɗaya sai da na wuce tashata.

Wofa, yashin nan ba datti ba ne. Da gangan aka zuba shi. Shi ke riƙe ciyawar ta tsaya a miƙe, shi ke danne ta, shi ke rage mata zafi, kuma rabinsa wani farin yashi ne na musamman mai shanye warin fitsari. Ka share maganin ka bar cutar, ka kai wa magini ya yi bulo da shi. Haba Wofa! Ba ka tambayi kowa ba? Toka kuma toshe ƙananan hudojin da ruwa ke bi take yi, fitsarin ya kwanta a ƙasa yana dahuwa. Don Allah ka ajiye tsintsiyar nan. Na san hannunka zai yi ƙaiƙayi da safe, ka share bakin titi in ya matsa maka.

Na yi magana da mutumin da ya shimfiɗa ta, zai kawo sabon yashi. Kafin ya zo, ka sami burushi mai tauri na roba, ba na waya ba, ka riƙa taje ta ta ɓangaren da ba ta kwanta ba. Ka haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ka zuba a wuraren fitsari da yamma in rana ta yi sanyi, ka bari ya jiƙa, sannan ka ɗauraye. Ruwa kuwa a kira motar tanki. Kada ka bar karnukan a kai da tsakar rana, yanzu da ba yashi za ta ƙona musu tafin ƙafa.

Wuta kuma ko kusa. Ba murhun gawayi, ba ƙona shara, ba turmi, nauyinsa lotsa ta yake yi. Wannan dokar tun ranar farko na kafa wa Maame, na saya mata gas, ina aika mata garin fufu na kwali wanda ake tuƙawa a tukunya. Ba ta taɓa yi min musu ba. Duk kiran bidiyo sai ta zauna a tsakiyar koren nan ta juya min waya in gani, tana cewa mutane har daga Santasi suke zuwa kallo. Ita ta fi kowa son ciyawar nan, shi ya sa nake so a tuna da ita a kanta.

Inda Suronipa ke tono, in gefen ya ɗaga, ka sa gam ka manne shi kafin ya yage. Batun zuba barasa, ba za a iya ɗora kwano a zuba a ciki ba? Ka lallaɓa Nana.

Ina ƙirga kwanaki, ba na iya zama wuri ɗaya.

Abrafi

Kumasi, 30 ga Maris

Abrafi,

Mun gaishe ki. Ina lafiya, sai dai gwiwa ta san na yi sati biyu ina taje roba kamar mai kitso. Faɗanki ya iso da zafinsa. Na karɓi laifin yashi, rashin sani ya fi dare duhu. Amma ki sani shekarata sittin da takwas, ban taɓa ganin tsakar gidan da ake mayar wa datti don ta gyaru ba sai taki.

Ruwan sama ya sauka, na ce to Allah ya kawo mana mai wanki. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. In aka yi ruwa rana ta fito, wani tururi ke tasowa daga ƙasa, har masu sayar da burodi sun daina tsayawa a ƙofarmu. Ruwan khal ɗinki na zuba, gidan ya koma warin fitsari da tsami a haɗe. Sai na yi dabarata, na barbaɗa garin sabulun wanki mai ƙamshi, buhu guda, don ruwan sama ya ƙarasa aikin. Ya ƙarasa kuwa. Kumfa ta taso har gwiwa, ta fita ta ƙarƙashin ƙofa ta bi titi, Bronya tana iyo a ciki, mutane suna tsayawa suna ɗaukar hoto. Anti Konadu ta yi dariya har sai da ta riƙe katanga.

Abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne. Na sayo baƙin maganin nan da ake wanke bayan gida da shi, na zuba ba tare da na sirka sosai ba. Bronya ta taka ta lashe ƙafarta. Kwana biyu tana amai, miyau na zuba, ta ƙi abinci. Na ɗauke ta a tasi zuwa likitan dabbobi, direban yana ta mita. Ta tashi, amma ta rame, kuma likitan ya wanke ni tas a gaban mutane. Na ji kunya, na kuma ji tsoro, don da ta mutu ban san da wane baki zan gaya miki ba.

Na kai wa Nana maganar kwano. Ya dube ni ya ce, "In ka mutu, a kwano kake so a ba ka?" Ya ƙara da cewa gida ɗaya ba ya ɗaukar roba da karnuka da magabata, dole wani ya matsa wa wani. Matan dangi kuma sun fara auna rumfa a ƙauye, kin san ba sa jiran a gama magana.

Na gaji, Abrafi. Akwai wani mutum a Santasi mai kiwon karnuka, yana da fili babba, an ce ya san kansu. Jibi zan je in same shi da maganar Suronipa da Bronya.

Wofanki

Hambog, 12 ga Afrilu

Wofa,

Gaisuwa. Lafiyata ƙalau, amma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Wace magana za ka kai wa mutumin Santasi? Bayar da su za ka yi? Karnukan Maame? Suronipa tun yana ɗan jariri take ba shi koko da cokali, Bronya ranar Kirsimeti aka kawo mata ita. Su suka zauna da ita shekarun da ni ban zauna ba. Ranar da ta faɗi, haushinsu ne ya kira Anti Konadu. Yanzu don Nana ya toshe hanci sai a kwashe su a kai wa baƙo, tsohon kare da ko gani sosai ba ya yi? In an riga an kai su, ka je ka dawo da su ranar da takardar nan ta same ka. Na ce ka kawar da wari, ban ce ka kawar da masu gida ba.

Na kira wayarka sau bakwai, tana ta ƙara a banza, na san tana cikin aljihun wandon da ka rataye. Na kira Anti Konadu, sai kame-kame take yi, wai ita ba ta shiga maganar dangi, in jira takardarka. Me kuke ɓoye min?

Abrafi

Hambog, 25 ga Afrilu

Wofa,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru, ba akasinta ba. Sati biyu ba amsa. Kullum na dawo aiki sai na buɗe akwatin wasiƙa sau biyu, kamar wani zai saka a bayan idona. Jiya na sa wa wani dattijo takalmi a hagunce, shi ya nuna min.

In maganata ce ta yi zafi, ka yi haƙuri, kai ne a madadin uwata yanzu. Amma saura kwana goma sha biyar Nana ya zo. Na sayi tikiti, na ɗinka farin zanen taron, ban san gidan da zan saka shi ba. Ko layi biyu ne ka rubuto.

Abrafi

Kumasi, 28 ga Afrilu

'Yata,

Ina lafiya, ki kwantar da hankalinki. Takardarki mai zafi sai shekaranjiya ta iso, ɗan cocinku da kika ba ya manta ta a aljihun kwat, ya tafi jana'iza Sunyani da ita. Wannan zan ba wata mata da za ta tashi jibi, ta kawo miki hannu da hannu.

Karnukanki suna nan, ga Bronya ma a kan ƙafata. Wa ya ce miki bayarwa zan yi? Tambaya na je yi, tun da kin ce ba na tambaya. Mutumin Santasi yana da karnuka tara a kan irin ciyawarki, ba wari ko kaɗan. Ya zo da kansa, ya sa aka yi kwana biyu ana ɗauraye tokata da sabuluna, ya ba ni wani ruwan magani da ake zubawa da yamma, ya kwana yana cinye fitsarin har ƙasa. Mai yashi ma ya kawo yashinsa, mun taje shi ya shige. Ya koya min in ware wa karnukan gefe ɗaya mai tsakuwa kusa da magudana, Bronya ta koya cikin kwana biyar. Yanzu ciyawarki ta miƙe, in kin shigo ba abin da za ki ji sai ƙamshin ruwan sama. Wannan rabin an gama.

Saura rabin da na yi kwana huɗu ina juya biro a kansa.

Ran Alhamis na ɗauki gam na tafi lungun Suronipa in manne gefen da ya ɗaga, yadda kika ce. Na ture shi da ƙyar. Da na kama gefen sai ya taso gaba ɗaya, kamar murfin akwati. Ba farcen kare ba ne, Abrafi. Yanka ne na wuƙa, miƙaƙƙe, gefe uku, faɗinsa kamar ƙaramar tabarma. A ƙarƙashi an kwashe tsakuwar, an cika wurin da jar ƙasa, an daddaɓe. A tsakiya ga zoben gindin turmi ya nutse ya kai rabin yatsa. A gefe ga baƙin tabon murhun gawayi. Ga kuma wuri biyu da suka yi sumul, inda mai juya fufu ke ajiye ƙafa. Na san zaman yayata, ƙafar hagu a gaba.

Ina tsugune a wurin Anti Konadu ta leƙo, ta ga abin da na gani, sai ta zagayo ta shigo ba sallama. Ta ce wata biyu da shimfiɗa ciyawar suka yanka, ita ta riƙe, uwarki ta ja wuƙa. Ta ce garin kwalin da kike aikowa coci take kai wa, don ta ce wannan ba fufu ba ne, koko ne ya yi taurin kai. Kullum da la'asar su buɗe, Konadu ta daka, Dufie ta juya, Suronipa yana gefe yana jiran rabonsa. In sun gama su mayar da turmi ɗakin ajiya, su rufe, su taje wurin da burushi. Ran Lahadi, ranar kiranki, ba a buɗewa sai kin kashe waya. Na tambaye ta me ya hana yayata ta faɗa miki. Ta ce ita ma ta tambaya, Dufie ta ce mata, "Yarinyar nan bayan tsofaffin wasu take wankewa ta saya min wannan abu. In ce mata ƙafata ƙasa take so?"

Na zauna a wurin na yi kuka, ba zan yi miki ƙarya ba.

Yanzu ga inda muke. Gam yana nan ban buɗe ba. In na manne, ciyawarki ta koma lafiyayya daga bango zuwa bango, ba wanda zai sani sai ni da Konadu da kare, amma Nana ba shi da ƙasar da zai zuba barasa, taro ya tafi ƙauye. In na buɗe masa, ina jin zai yarda, don ƙasa ce, kuma tata ce. Sai dai duk dangi za su tsaya a kanta su gani da idonsu cewa uwarki ɓuya take yi wa kyautarki, kuma kin san matanmu, za su kai labarin har jikokinsu. Ban ga hanya ta uku ba. Gidanki ne, uwarki ce, ba zan zaɓa miki ba. Nana ranar goma zai zo.

Wofanki,
Kwarteng

Hambog, 4 ga Mayu

Wofa,

Na gaishe ka, na kuma gode. Ka yafe min zargin da na yi maka. Lafiyata ƙalau, sai dai tun ran Alhamis da matar ta miƙo min takardarka ban iya cin wani abin kirki ba.

Da farko haushi na ji. Na ce shekara uku ana yi min wasan yara, ana juya min waya ta gefen da ake so in gani. Na ɗauki biro in ce ka manne. Sai na tuna wata Laraba da na kira ba ranar kira ba. Ta daɗe ba ta ɗauka ba, da ta ɗauka tana haki, ga gumi a goshinta, hannunta ɗaya a ɓoye a bayan zane. Na tambaye ta, ta ce Bronya ta bi da gudu. Har faɗa na yi mata a kan hawan jini. Ashe hannun fufu ne a jiƙe, Wofa, take ɓoye min kamar yarinyar da ta saci nama. Uwata, a gidanta.

Ban taɓa tambayarta ko tana so ba. Na aiko, na kafa doka, na ce ta juya waya in gani.

Kada ka manne. Ka mayar da gam ɗin inda ka saya. Ranar da Nana zai zo ka buɗe tun da safe, ka naɗe murfin gefe, ka fito da turmin daga ɗakin ajiya ka ɗora shi a zobensa. Matan dangi su faɗi abin da za su faɗa, gaskiya za su faɗa. Ka ce wa Anti Konadu ina gaishe ta, kuma akwai magana tsakanina da ita, amma ba ta faɗa ba ce.

Wannan takardar wata 'yar cocinmu za ta kawo ran Laraba. Na sa ta rantse ba za ta saka ta a aljihun kwat ba.

'Yarka,
Abrafi

Kumasi, 11 ga Mayu

Abrafi,

Muna lafiya, ni da masu gida biyu. Wataƙila ki riga takardar nan tashi, amma hannuna ya saba.

Nana ya zo jiya da mutum uku. Ya tsaya a ƙofa ya ja numfashi sau biyu, yana neman abin faɗa, bai samu ba. Na kai shi bayan kicin. Ya daɗe yana kallon turmin. Konadu ta fara bayani, ya ɗaga mata hannu. Sai ya tuɓe takalmansa, ya sauke mayafi daga kafaɗa, ya taka ƙasar. Ya ce, "Dufie ke nan. Tun tana yarinya ba a raba ta da abin da take so, ba ta kuma iya ɓata wa mutum rai." Ya ce a dawo da rumfa daga ƙauye, a nan za a yi.

Matan sun fara magana tun kafin su kai bakin titi, ban ji me suka ce ba, kin ga amfanin kunnena.

Matsala ɗaya ta rage, Suronipa ya ƙi tashi daga wurin, ko Nana sai raɓawa ya yi ya tsaya. Na sayo rogo da agade na ranar da za ki sauka. Konadu ta ce ita za ta daka kamar kullum, amma kujerar mai juyawa ba wanda ya zauna a kai tun bara. Ki yanke farce kafin ki taso, ke za ki juya.

Wofanki,
Kwarteng